KAFIN A FEƊE WAƘA, A FARA GANINTA DA RANTA

Gabatarwa

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana yi mana kai-kawo a zuciya, mu da muke koyar da rubutacciyar waƙa a makarantun sakandare na wannan yanki namu na Kazaure, kuma muke ɗan taɓa rubutu in an tashi daga aji. Tambayar ita ce: shin waƙa tana da hakki a kan mai karatunta? Mun san hakkin maƙwabci, mun san na baƙo, mun kuma san na wanda aka kai ƙara gaban alƙali, watau kada a yanke masa hukunci sai an ji ta bakinsa. To, ita waƙa fa, wadda ba ta da bakin kare kanta in an yi mata ƙage?

Ra'ayinmu shi ne tana da hakki, kuma na farkonsa shi ne a saurare ta kafin a laƙaba mata suna. Domin tabbatar da haka za mu yi doguwar tafiya, mu leƙa Jamus wurin wani masanin falsafa, mu ratsa ta Iran wurin sha'iran zamani na harshen Farisanci, sa'an nan mu dawo gida. Mai karatu na iya cewa, me ya haɗa kifi da kaska? Haƙiƙa Farisa ba baƙuwa ba ce a zaurukanmu. Imamu Gazali da malamanmu ke ambato dare da rana mutumin Ɗus ne, a ƙasar Iran ta yau. Kalmar ƙamus da muke amfani da ita daga sunan littafin Firuzabadi ta fito, shi ma Bafarishe ne. Akun da ke riƙe mutum da labari don ya hana shi fita, wanda muka sani a Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, tsohon tsuntsu ne a adabin Indiya da na Farisa. Babban abin da ya haɗa mu kuwa shi ne, rubutacciyar waƙarsu da tamu duk a kan arulin Larabawa aka ɗora su. Ashe ke nan matsalar da ta same su a waƙa tana iya zama tamu.

Gado da Wuƙa

Duk wanda ya yi nazarin Hausa a kwaleji ya san Gadon Feɗe Waƙa na Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo na Jami'ar Bayero. Aiki ne mai daraja, domin ya ba manazarci hanyar bi daki-daki: a share fage, a fitar da jigo a warware shi, a duba zubi da tsari, a bi salo da sarrafa harshe. Sai dai duk makami mai kaifi yana hannun mai riƙe da shi. Abin da ya zama ruwan dare a azuzuwa, musamman in jarrabawar kammala sakandare ta ƙarato, shi ne ɗalibi ya haddace jigon waƙa da yawan baitocinta da amsa-amonta, alhali bai taɓa jin an rera ta daga farko zuwa ƙarshe ba. A tambaye shi Waƙar Damina ta Na'ibi Sulaimanu Wali, nan take zai ce jigonta bayanin yanayin damina ne, ya samu makinsa ya wuce. Amsar daidai ce. Amma in wannan ke nan abin da ke cikin waƙar, me ya sa sha'irin ya wahalar da kansa? Ai da jimla guda ta wadatar.

Wannan ɗabi'a ta bi mu har wajen aji. Rubutacciyar waƙarmu ta girma ne a hannun masu wa'azi da faɗakarwa, tun daga Shehu Usmanu da Nana Asma'u har zuwa Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja, waɗanda duka biyu suka rasu a 1958. Saboda haka kunnenmu ya saba da jiran darasi. Da zarar an fara waƙa sai mu tambaya: me take koyarwa? Wa take zagi? Ta wace jam'iyya ce, ko ta wace ɗariƙa? In mun samu amsa sai mu ɗauka mun gama da ita. Hausawa kuwa sun ce sabo turken wawa.

Mahaucin ƙwarai ba a kan gado yake fara sanin sa ba. A kara yake saninsa, a Maigatari ko a wata kasuwa, yana tsaye da ƙafafunsa: ya zagaya shi, ya dubi tafiyarsa, ya buɗa bakinsa, ya shafa tozonsa. Fiɗa tana da lokacinta, amma bayan gani take zuwa. To, yaya ake wannan gani? A nan ne muke bukatar Bajamushen da muka ambata.

Mece ce Finominoloji?

Edmund Husserl an haife shi a 1859, ya rasu a 1938 a birnin Freiburg na Jamus. Da lissafi ya fara kafin ya koma falsafa. Hanyar da ya shimfiɗa, musamman a littattafansa na 1900 zuwa 1901 da kuma na 1913, ita ake kira finominoloji. In za mu yi mata suna da Hausa sai mu ce falsafar duban abu yadda ya bayyana. Abubuwa uku daga cikinta sun ishe mu a nan.

Na farko, hankalin mutum kullum yana fuskantar wani abu ne. Babu gani sai ganin wani abu, babu tsoro sai tsoron wani abu, babu bege sai begen wani. Saboda haka ba a raba mai kallo da abin kallo a yi nazarin kowa shi kaɗai. A tsakaninsu ake samun ma'ana.

Na biyu, abu ba ya ba da kansa gaba ɗaya a lokaci guda. Ka tsaya gaban rumbu, gefe ɗaya idonka ke gani, amma ba ka cewa ka ga rabin rumbu, domin zuciyarka ta cike bayan da ba ka gani ba. Mafi yawan abin da muke kira gani, ciko ne daga abin da muka riga muka sani. Cikon nan yana da amfani, don in babu shi ko hanyar gona ba za mu gane ba. Illarsa ita ce yakan yi yawa har ya rufe abin da ke gabanmu, sai a yi wa rogo kallon kitse.

Na uku shi ne maganin wannan illa. Husserl ya ba da shawarar mutum ya dakatar da hukuncinsa na ɗan lokaci, ya sa shi cikin baka biyu kamar yadda mai lissafi ke killace wasu alƙaluma ya ajiye su gefe har ya gama da sauran. Ba a ce ya jefar da abin da ya yi imani da shi ba, ba a kuma ce ya yi shakkarsa ba. Cewa aka yi ya hana shi yin magana tukuna, domin abin da ke gabansa ya samu damar bayyana.

Mu ɗauki misali da kuka, wadda babu wanda ya tashi a Achilafiya ko Roni ko Gwiwa bai san ta ba. Uwargida in ta dube ta miya take gani. Mai tufka igiya ɓawo yake gani, mai zuma yana ganin wurin rataya amya, matafiyi yana ganin alamar mararraba, yaro kuwa gidan aljanu yake gani ya ƙara sauri. Kowannensu amfaninsa ko tsoronsa ya gani. To, mu killace duk wannan mu sake dubawa. Sai mu ga jiki mai toka-toka da santsi kamar fatar dabba, mai naɗe-naɗe a gindi kamar wuyan tsohon sa. Sai mu ga da rani takan tuɓe ganye ƙaf, rassanta su yi cirko-cirko kamar saiwoyin da aka juya sama. Sai mu lura furenta fari ne, yana reto ƙasa a doguwar igiya, da almuru yake buɗewa, jemagu ne baƙinsa, kuma ba ya daɗewa yake yanƙwanewa. Mutum nawa ne a cikinmu suka shekara arba'in suna shan miyar kuka, amma ba su taɓa tsayawa sun ga furenta yana buɗewa ba?

Almajiran Husserl da waɗanda suka bi sawunsa sun kai wannan hanya cikin adabi. Roman Ingarden, mutumin Polan, ya nuna a littafinsa na 1931 cewa kowane aikin adabi yana da gurabe da marubuci ya bari a buɗe, mai karatu ke cike su, don haka waƙa ba ta kammala sai a kunnen mai sauraro. Wani Bafaranshe kuma, Henry Corbin, wanda ya fassara Heidegger zuwa Faransanci sa'an nan ya shafe shekaru yana nazarin sufayen Iran a Tehran, ya ce wannan hanya ta yi kama da abin da sufaye ke kira kashful mahjubi, watau yaye lulluɓi daga abin da ke rufe. Wannan kalma kam ba baƙuwa ba ce ga wanda ya zauna gaban malaman zaure.

Sha'iran da Suka Sabunta Ido

Da zarar an ambaci Iran a ƙasar nan, abin da ke faɗowa a zuciya shi ne juyin juya halin 1979 da gardandamin aƙida da suka biyo baya. Ga wurin gwajin farko ke nan. Mai karatu ya sa wannan cikin baka biyu tukuna, domin mutanen da za mu ambata sun yi babban aikinsu tun kafin wannan shekara, kuma sha'irai ne. Mu a nan ta hanyar fassarar Turanci ko Larabci muke saduwa da su, amma ko a fassara ana gane inda idon mutum ya sauka.

Farisawa sun gaji waƙa ta shekara dubu, ta su Firdausi da Sa'adi da Jalaluddin Rumi da Hafiz. Girman gadon nan shi ya zame wa na baya kaya. A farkon ƙarni na 20 sha'iri zai zauna a Tehran ya ce fuskar masoyiya wata ce, tsayinta itaciyar sarwu ne, shi kuma tsuntsun bulbul ne mai kuka a kan furen wardi, ko da kuwa bai taɓa tsayawa ya saurari bulbul ba. Siffofin da a bakin Hafiz suke da rai, a bakin mai kwaikwayo sun zama tsofaffin kuɗin da rubutunsu ya goge. Mu ma mun san irin wannan. A buɗe littattafan soyayya goma, a ga ko ba yarinya guda ce ke yawo a cikinsu ba: fara tas, hanci har baka, idanu dara-dara, ga wushirya. Marubucin bai ga kowa ba, ya dai ara daga wanda shi ma ya ara.

Wanda ya fara karya wannan turke shi ne Ali Isfandiyari, wanda aka fi sani da Nima Yushij (1897 zuwa 1960), mutumin wani ƙauye mai suna Yush a duwatsun Mazandaran. Doguwar waƙarsa Afsana ta fito a 1922, daga ƙarshen shekarun 1930 kuma ya kammala sabon tsarinsa. Bai watsar da aruli ba. Ya riƙe ƙafafun kari, amma ya daina tilasta wa kowane ɗango ya zama tsayi ɗaya da ɗan'uwansa: wani ya yi tsawo, wani ya gajarta, gwargwadon abin da ake faɗa. Amsa-amo ma ya daina zuwa a ƙarshen kowane baiti kamar mai karɓar haraji, sai inda magana ta bukace shi. Bugu da ƙari ya shigo da sunayen tsuntsaye da itatuwan ƙauyensu da karin harshen yankinsu, abin da masana na birni suka ɗauka ƙauyanci ne.

Finominoloji tana taimaka mana mu gane dalilin da wannan ya wuce wasa da ma'auni. Husserl ya yi bayanin yadda muke jin sauti mai tafiya: kunne yana riƙe da abin da ya wuce yanzun nan, yana kuma miƙa hannu ga abin da ke tafe. Duk wanda ya saurari Aƙilu Aliyu yana rera waƙa ya san wannan, domin tun kafin baiti ya ƙare bakinka ya shirya amsa-amon. Daɗin yana nan, haɗarin ma yana nan, don kunnen da ya riga ya san abin da ke zuwa yakan yi gyangyaɗi. Da Nima ya yanke ɗango a inda ba a zata ba, sai mai sauraro ya farka, ya ji kalmar ita kanta. Sauya tsarin hanya ce ta tilasta wa mutum sauraro.

Wanda manazarta suka fi yawan karantawa da wannan falsafa shi ne Sohrab Sepehri (1928 zuwa 1980). Mutumin Kashan ne, gari a bakin hamada inda ruwa ke da tsada kamar yadda yake a arewacin Babura da rani. Mai zane ne kafin ya shahara da waƙa, ya kuma yi tafiye-tafiye zuwa Japan da Indiya. Doguwar waƙarsa da ta fito a 1965, wadda ma'anar sunanta ita ce sautin takun ruwa, da kuma kundinsa na littattafai takwas da aka buga a 1977, cike suke da ƙananan abubuwa: ruwa a kwalbati, 'ya'yan itace, inuwa, tsuntsu, hasken safiya a bango. Abin lura shi ne ba ya gaggawar mayar da su misalin wani abu. Yakan bar abu ya tsaya a matsayin kansa har mai karatu ya ji kamar yau ya fara ganinsa. Wanda ya zo da tambayar mene ne darasin, zai koma hannu rabbana ya ce waƙar ba ta ce kome ba. Wanda ya dakatar da tambayar, shi zai fita waje ya tarar idonsa ya sauya.

Tuhuma Mai Nauyi

A nan ne maganar ta zama ta ɗa'a, kuma ba za mu ɓoye ƙarfin hujjar abokan hamayya ba. Zamanin da Sepehri ke kallon ruwa, zamanin mulkin Shah ne, bayan an kifar da gwamnatin Muhammad Musaddik a 1953, gidajen kurkuku cike da marubuta. Ahmad Shamlu (1925 zuwa 2000), wanda shi kansa ya ɗanɗana ɗauri, yana cikin waɗanda suka ga cewa irin wannan waƙa kau da kai ce daga jinin da ake zubarwa. In muka kawo tuhumar gida sai ta zama haka: ana satar mutane a hanya, taki ya fi ƙarfin manomi, yara na kwana a tasha, kai kuma kana kallon furen kuka? Da Sa'adu Zungur ya tsaya kallon fure, wa zai rubuta Arewa Jumhuriya ko Mulukiya?

Akwai ma abin da ya fi wannan ɗaci. Martin Heidegger, fitaccen almajirin Husserl, wanda ya yi rubutu mai zurfi a kan waƙa da sauraro, ya shiga jam'iyyar Nazi a 1933 yana shugaban jami'ar Freiburg, a daidai lokacin da ake ware malaminsa saboda asalinsa na Bayahude. Wannan ya isa shaida cewa iya falsafar gani ba ya mayar da mutum adali. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Duk da haka muna ganin tuhumar ta yi kuskure a wuri guda, kuma wadda ta fi nuna kuskuren ita ce Furugh Farrukhzad, sha'ira daga cikin magada Nima, wadda ta rasu a haɗarin mota a 1967 tana da shekara 32. A 1962 ta tafi wani matsugunin kutare kusa da birnin Tabriz, ta zauna da su kwana 12, ta shirya gajeren fim na kimanin minti 20 mai suna Khane Siyah Ast, watau gidan nan baƙi ƙirin ne. Ba ta ɓoye raunukan ba, ba ta kuma yi tallarsu don neman hawaye ba. Ta nuna mace tana duba madubi, yara a aji, mutane suna salla, ana biki, ana wasa. Mai kallo yakan shiga da kalmar kuturu a ransa, ya fito ya ga mutane. Ita kanta ba ta tsaya ga kallo ba, ta ɗauki wani yaro daga wurin ta riƙe shi a matsayin ɗa.

Mu dubi namu. Karin maganarmu a kan kuturu yawancinsu ba'a ne, alhali tun shekarun 1980 akwai haɗin magungunan da ke warkar da cutar. Sunan ya daɗe da rufe mana mutumin. Haka kalmar almajiri: mukan wuce yaro ɗan shekara bakwai a bakin tasha, ƙafarsa ta faso saboda hunturu, mu ce almajiri ne, kamar sunan ya biya bashin. Zalunci da wuya ya fara da bulala, da laƙabi yake farawa, domin sai an daina ganin mutum kafin a iya taka shi. Saboda haka idon da aka horar ya tsaya a kan kuka har ya ga furenta, shi ne idon da zai tsaya a kan yaron har ya ga fason. Hausawa kuma sun gama magana da suka ce idon da ya ga hayaƙi shi ke ɗebo wuta. Sa'adu Zungur bai rubuta abin da ya rubuta ba sai da ya ga abin da sauran mutane suka saba da shi har suka daina gani. Shamlu yana da gaskiya cewa gani kaɗai bai isa ba. Abin da muke ƙarawa shi ne, waƙar gwagwarmaya da ba gani a ƙarƙashinta takan zama kirari, wanda za a iya juya shi ga kowane ubangida in an sauya suna.

Mu Dawo Gida

Yaya za mu yi aiki da wannan a aji da kuma a taron ƙungiya? Ga abin da muke ba da shawara.

Da farko a rera waƙar gaba ɗaya, sau biyu ko uku, kafin kowa ya buɗe baki. Waƙar Hausa ta kunne take bayyana, takarda ma'ajiya ce kawai. Aliyu Namangi na Zariya, wanda ya rasu a 1990, tun yana ƙarami ya rasa idonsa, kuma Imfiraji ta ratsa Arewa ne a bakin masu rera ta ƙofa-ƙofa, yawancinsu makafi. Maurice Merleau-Ponty, Bafaranshen da ya faɗaɗa aikin Husserl a littafinsa na 1945, ya lura cewa sandar makaho takan daina zama abin riƙewa ta zama gaɓar jikinsa, a bakin sandar yake jin ƙasa. Wannan ya tuna mana cewa ganin da muke magana a kai ya haɗa da kunne da fata da hanci da tafin ƙafa.

Na biyu, a ɓoye sunan mawaƙi da garinsu da ƙungiyarsa har sai an gama sauraro. Mun sha ganin waƙar sabon shiga ta sha suka a taro tun kafin a kai baiti na uku, ta babba kuma ta sha tafi tun kafin a fara. Alƙalin da ya yanke hukunci da jin sunan mai ƙara, kowa ya san sunansa.

Na uku, tambayar farko kada ta zama mene ne jigo. A tambayi ɗalibi: me ka gani? Me ka ji a jikinka? A ina numfashinka ya tsaya? In Waƙar Damina ce, a bar shi ya tuna yadda gabas ke haɗe rai a bayan duwatsun Kazaure, yadda iska ke fara ɗebo ƙura da ledoji kafin ɗigon farko, yadda mata ke rige-rigen kwashe shanya, da ƙamshin da ƙasa ke yi wanda babu turaren da ya kai shi. Waɗannan su ne guraben da Ingarden ya ce mai karatu ke cikewa. Yaron Gwiwa da ya kwana yana jiran ruwan shuka ya fi farfesan birni abin cike su, in dai an ba shi dama.

Sai bayan wannan a hau gado a ɗauko wuƙa. A lokacin jigo da salo da kari za su zama sunayen abin da ɗalibi ya riga ya ɗanɗana. A nan ne kuma hukunci zai dawo daga cikin baka biyu da cikakken ikonsa: a ce waƙar ta yi kyau ko ba ta yi ba, ta faɗi gaskiya ko ta yi ƙarya, ta dace da tarbiyyarmu ko ta kauce. Babu wanda ya ce a bar hukunci. Jinkirta shi aka ce a yi, don ya faɗa a kan waƙar da ke gabanmu, kada ya faɗa a kan wadda muka ƙaga a zuciyarmu.

Ga matasa masu sha'awar rubutu kuwa, darasin Nima ya fi kowane sauƙin faɗa da wuyar aikatawa. Kafin ka kira wata tauraruwa, dube ta: wataƙila abin da ya kama zuciyarka shi ne yadda take gyara gammo kafin ta ɗora tulu. Kafin ka rubuta talauci, je ka tsaya a bakin rumbu a watan Yuli ka ji irin amon da yake yi in an ƙwanƙwasa shi. Kada ka ji kunyar sunan tsuntsun garinku ko karin harshen kakarka. Ba muna kira a watsar da aruli ko a kwaikwayi Farisawa ba ne, don ana iya gani da ido sabo a cikin Kamil ko Mutaƙarab, ana kuma iya makancewa a cikin waƙar da ba ta da ma'auni. Abin da za mu ara daga gare su shi ne tsayuwar da suka yi a gaban abu kafin su yi magana.

Kammalawa

Mun fara da tambayar ko waƙa tana da hakki a kan mai karatu. Mun nuna cewa tana da shi, kuma irin hakkin wanda ake tuhuma ne a gaban alƙali. Mun ga yadda Husserl ya tsara hanyar dakatar da hukunci, yadda Nima da Sepehri suka yi aiki da irinta a waƙa, da yadda Furugh ta kai ta har cikin gidan kutare. Mun kuma yarda cewa hanyar ba ta shiryar da wanda zuciyarsa ta karkace. Amma wanda ya koyi haƙurin sauraron baiti talatin kafin ya ce uffan, muna kyautata zaton zai iya sauraron matarsa da ɗalibinsa da abokin gardamarsa. Shi ya sa muke ganin darasin waƙa a aji darasin adalci ne, ko da manhaja ba ta kira shi haka ba.

Muna roƙon 'yan'uwa a rassan ƙungiya su jarraba karatu ba tare da ambaton sunan mawaƙi ba, ko da sau ɗaya ne a taronsu na gaba, su kuma rubuto wa wannan mujalla abin da suka gani. Allah Ya buɗe mana ido, Ya sa mu yi adalci ga abin da muke karantawa da waɗanda muke zaune da su, amin.

Achilafiya, Jihar Jigawa.